Hajiyar Asibiti da Jikar da Ta Jira Ta

Cire takalmin nan ki zauna, Lantana. Tun Juma'ar da ta wuce 'ya'yanki a ɗakina suke cin tuwo, ke kina can wurin aiki. Ba faɗa zan yi miki ba, 'yar nan. Misali zan ba ki.

An yi wata mata a wani gari, ita ce sakatariyar babban asibitin garin. Ba likita ba ce, ba ta taɓa yi wa kowa allura ba. Aikinta kula da gadaje da abincin marasa lafiya da man injin wuta da rabon aikin ma'aikata. Amma duk wanda ya kawo mara lafiya daga ƙauye, kafin ya nemi likita sai ya ce a nuna masa ofishin Hajiya. Ita ta sa aka kafa rumfar kwano a bayan ɗakin mata, don masu jinya su daina zama cikin rana da ruwan sama. Kullum da safe ana sauke bokiti biyu na koko daga gidanta. In baƙo ya rasu ba a san danginsa ba, daga ɗakinta likkafaninsa yake fitowa, kuma sai ta tsaya an yi masa sutura kamar ɗan gida.

A gida kuwa jika ɗaya gare ta, mace, wadda uwarta ta rasu wajen haihuwarta. Hajiyar ce ta goya ta, ta yaye ta, ta rene ta har ta aurar da ita a wani gari mai tafiyar awa huɗu a mota. Iya take ce mata, don ba ta san wata uwa ba. Tana son Iya kamar ranta, amma tun tana ƙarama ta saba jiranta. Ko ranar saukarta ta Alƙur'ani sai da taro ya watse Iya ta iso, mayafinta na warin magani, ta rungume ta tana ba ta haƙuri.

Da jikar ta samu cikin fari, tsoro ya kama ta, saboda ta san abin da ya ɗauke uwarta. Aka shirya za ta dawo gida ta haihu a gaban Iya. Sai damina ta yi ƙarfi, ambaliya ta shiga rijiyoyin garin su Iya, amai da gudawa ya ɓarke. Gadaje suka ƙare, aka koma shimfiɗa mutane a baranda. Iya ta kira ta a waya ta ce, "Kada ki zo, garin nan ba lafiya. Ni zan zo, da hannuna zan yi miki wankan jego." Ta aika mata da gero da kanwa da zannuwa shida da sabuwar garwa.

Naƙuda ta zo, kwana biyu ana abu ɗaya, jikar tana kiran Iya, hannun maƙwabciya take riƙewa. Allah ya sauke ta lafiya, ta haifi mace. Ranar suna aka sa wa jaririyar sunan Iya. Iya ta kira ta ce jibi tana tafe. Jibi ta zo, aka kawo mutum talatin daga wani ƙauye a bayan motar itace, ta sake cewa jibi. Sau uku tana faɗa. Rana ta ashirin da uku da haihuwar, Iya tana tsaye a bakin famfo tana duba masu haɗa ruwan gishiri da sukari, ta durƙushe. Cutar da take korewa ce ta kama ta, ga shekaru, ga gajiya. Kafin azahar ɗin washegari ta cika. Ruwa ya cinye gada a hanya, jikar ba ta iso ba sai ranar sadakar uku, da jaririya a bayanta.

Ta tarar da layin gidansu cike da fuskokin da ba ta taɓa gani ba. Wani tsoho ya ce katifar ofishinta Iya ta ba matarsa. Wata ta ce ita ta nemo mata jini ranar da kowa ya fid da rai. Kowa da labarinsa, kowa na kuka kamar uwarsa ce. Jikar ta zauna a tabarma tana amsa gaisuwa, tana jin labarin kakarta a bakin baƙi. Da mutane suka ragu, ta jawo wata tsohuwa mai shara a asibitin ta ce, "Baba, don Allah, ta ambace ni kuwa?"

Tsohuwar ta miƙe. Ta fita, can ta dawo da wata jakar tafiya ta ajiye a gabanta. Ta ce, "Sati uku ina share gefenta a ƙarƙashin teburin Hajiya. Kullum sai ta ce kada in matsar, yau za ta tafi." Jikar ta buɗe. Kayan sawa kala uku ne, da carbi, da 'yar hular jarirai ta ulu wadda ba a gama saƙawa ba, kwarashin saƙar na soke a jikinta.

Ban ce matar nan ta yi laifi ba, Lantana. Ɗaruruwan mutane suna numfashi yau ta sanadinta, Allah ya jiƙanta. Amma takwararta ta girma ba ta taɓa jin ɗumin hannunta ba. Shi ya sa Hausawa suka ce, inuwar giginya, na nesa ka sha.