Allurar Ƙarshe

Mai shagon tayal ya ja ƙofar shagonsa da tsakar rana, ga mai ciniki tsaye yana tambayar farashi. Ko kallonsa bai yi ba. Ya rungumi 'yar kular ƙanƙara kamar jariri, ya faɗa mota.

Dama likita ya yi masa bayani dalla-dalla. Alluran da aka yi ta yi kwanakin nan su suka sa ƙwayayen haihuwa girma. Wannan ta ƙarshe ita ke nunar da su, kuma lokacinta ba ya karɓar uzuri. A yi ta da wuri, a ɗebo ɗanye. A makara, ƙwan ya sulale kafin likita ya iso da kayan aikinsa, wahalar wata guda ta bi ruwa.

Mutumin da ko ɗaurin auren ƙaninsa sai bayan an shafa fatiha ya iso, yau shi ne ke zare wa agogo ido.

A shataletale cunkoso ya tsaya cak. Ya danna hon har yatsansa ya gaji, sannan ya yasar da motar a bakin titi, ya tare mai babur. Suna cikin kutsawa tsakanin manyan motoci wayarsa ta yi ƙara. Yayarsa ce.

"Ɗan nema, ashe abin da kake ɓoye mana ke nan? Mai kantin magani ya ce alluran haihuwa kake saye!"

"Yaya, ina kan babur."

"Allah ya yi maka albarka. Baiwar Allahn nan shekara tara tana haƙuri, ka yi kunnen uwar shegu da ita. Yau dai ka fitar da mu kunya."

"Amin, Yaya," ya ce, ya kashe. Ba shi da lokacin dogon bayani.

Matarsa ya tarar a bakin ƙofa, ta wanke hannu, ta tanadi auduga. Ba ta ce sannu da zuwa ba. Ta karɓi kwalbar, ta ɗaga ta ga haske, ta zuƙe maganin, ta ƙwanƙwasa sirinjin da farce har kumfar iska ta fita. Sunan kowace allura ta sani, da aikinta, da lokacinta. Ta san su tun shekarun da shi ko jin zancen ba ya so.

Suka zagaya baya. Ya yi bisimilla ya soka. Da ya zare allurar ya dubi agogo, sai ya saki ajiyar zuciya, idonsa har da ƙwalla.

"A kan lokaci! Jibi war haka likita ya ɗebi ƙwai. Kin ga ikon Allah? Ilimi ya kai inda ya kai."

Ta daɗe tana kallon sirinjin da ya zama fanko.

"Maigida," ta ce a hankali, "to ni fa? Yaushe za mu je asibitin?"

Ya ɓata fuska, irin ta wanda aka katse wa farin ciki.

"Haba, ke kullum zance ɗaya! Haihuwa ta Allah ce, ba a yi masa gaggawa."

Ya shafa wuyan saniyarsa 'yar ƙasar waje, ya ƙara mata dusa, ya ja ƙofar garken a hankali don kada ta firgita.