Mai Jifan Birai na Kakangi

Landiroba ta shiga Kakangi tana tari, Saja Solomon, tsohon soja, ya sauko yana ƙunƙuni. Shekarun bayan yaƙin basasa ne, yaƙin da ya karɓe masa ƙafar hagu ya bar shi da ta katako a cikin dogon wando. Yanzu aikinsa haɗa 'yan wasa nakasassu da za a kai gasa. Ya samu guragu masu tseren keke, ya samu makaho mai gudun tsiya, amma mai jifan mashi ya gagara. Maigidansa a ofis kuwa ya rantse in Litinin ta yi babu mai jifa, zai ba 'yan ƙwallo motar tafiya, kowa ya koma gidansu. Abin ya tsaya wa Solomon a rai, don shi ya bi mutanen nan gida-gida ya sa musu rai.

Dagaci Bakoji ya tarbe shi da fura mai sanyi. Sai da ya ajiye ludayi ya faɗi abin da ya kawo shi.

"Ranka ya daɗe, nakasasshe nake nema, mai ƙarfin dantse."

Dagaci ya dubi dattawa, dattawa suka dubi juna. Ya ce, "Samari, ka yi ɓatan kai. Garin nan kowa da gonarsa, kowa ke ciyar da gidansa. Ba mu da nakasasshe."

Ba ƙarya ya yi ba. A Kakangi haka ake lissafi: wanda ya cika rumbunsa da hannunsa lafiyayye ne, magana ta ƙare.

Suka juyo hannu wofi. A bakin daji motar ta ɗau zafi, direba Mailafiya, wanda ɗan garin ne, ya ɗauki galan ya gangara rafi. Solomon ya jingina da mota yana cizon yatsa, sai idonsa ya faɗa kan wata gonar dawa. Wani ƙaton mutum na tsaye a kan suri, ya ja malafa har karan hanci, da kwandon duwatsu a gefensa. Matarsa na tsinto wasu tana zuba masa.

Mutumin ya ɗaga yatsa, matar ta yi tsit. Ya karkata kai, ya ɗan jira, sannan ya saki dutse. Can ƙarshen gona, inda Solomon bai ga komai ba sai kara, wani gwaggon biri ya kurma ihu, ya yar da zangarniya ya auka daji, iyalansa na biye.

Solomon ya manta da baƙin cikinsa. Ya zaro mashin wasa daga bayan mota, ya ratsa kunyoyi.

Mutumin bai ko waiwayo ba ya ce, "Sannu da zuwa, baƙo. Ƙafar katakon nan ba ta wahalar da kai a gona?"

Solomon ya dubi wandonsa, ya ce a ransa lallai tsegumin ƙauye ya fi Landiroba sauri. Suka gaisa. Sunan mutumin Labaran, matar kuma Huraira. Ya miƙa mashin, sai Huraira ta riga karɓa, ta ɗora wa mijinta a tafi. Solomon ya yaba da irin wannan ladabi.

Labaran ya shafa mashin daga kai har gindi, ya jinjina shi. "Wannan ba zai kashe ko zomo ba. Ina za a jefa?"

"Wajen kukar can," in ji Solomon.

Huraira ta taka har gindin kukar, ta ƙwanƙwasa ta da ƙotar fartanya, ta matsa gefe tana cewa, "Malam, in ka soke ni, kai za ka tuƙa tuwo yau."

Labaran ya yi dariya, ya ja baya kaɗan, ya saki. Mashin ya tashi yana shewa, ya wuce kukar, ya je ya kafe a inda ko a bariki Solomon bai taɓa ganin an kai ba.

Daɗi ya kama shi, sai kuma takaici ya biyo baya. Ya shiga zagaya Labaran kamar mai taya bijimi a kasuwa. Ƙafa biyu ras, hannu biyu ras, yatsu babu wanda ya yi tafiya.

"Ba ka ɗingishi? Ko ɗan kaɗan?"

"Lafiyata lau, alhamdulillahi."

"Baya fa? Ko ƙugu?"

"Sai dai yunwa, in Huraira ta makara."

Tunda uwar Solomon ta haife shi bai taɓa jin haushin lafiyar wani ba sai ranar. Ga mai jifan da yake nema a gabansa, ga shi ba dama. Ya tuna guragunsa da za su koma gida ba su ga ko ƙofar filin wasa ba, ƙwalla ta cika masa ido. Ya bar wa Labaran mashin kyauta, don ba shi da sauran wanda zai ba.

Mota ta huce, suka shiga. Solomon ya leƙo ta taga yana ɗaga hannu. Huraira ta ɗaga nata har da rangaji. Labaran kuwa yana tsaye a kan surinsa rungume da mashi, ko motsi bai yi ba.

Solomon ya mai da kai ciki ya yi tsaki. "Ka ji mutum. Na ba shi mashi sukutum, amma ɗaga hannu ya gagare shi."

Mailafiya ya canza giya, ya kauce wa wani rami, ya ce, "Ai da ka yi magana, Saja. Labaran rabonsa da gani tun yana goye, shekarar da aka yi ƙyanda."