Tsagar Kunnen Shanun Baffa

A tashar motocin Tsafe da ke Gusau, Hassana ta karɓi wayar Uwaisu tana kallon fim ɗin da ya shekara yana haɗawa da karo-karon jama'a, kan rikicin manoma da makiyaya. Shi Bahaushen Bungudu ne, ita Bafulatana. Don yana neman aurenta ne baffanta ya yarda ya yi magana a ciki, har ya tona asirin 'yan bindiga.

"Kin ga na rufe fuskarsa, na sauya muryarsa," in ji Uwaisu.

Ta tsayar da fim ɗin, ta nuna masa. "Ka rufe fuskar Baffa, ka bar shanunsa a bayansa? Dubi tsagar kunnensu! Kowane gida da irin tasa. Duk wanda ya tashi cikin kiwo, kallo ɗaya zai yi ya gane rugarmu. In kana so na, ka cire wurin nan."

"Hassana, tun hantsi na sake shi a intanet. Na ji tsoron masu tace fim su hana shi fita."

Ta daɗe tana dubansa kamar yau ta fara ganinsa. Ta miƙa masa wayar, ta shige motar da za ta kai ta gida. Ya riƙe ƙofar.

"Bari in bi ki, in faɗa wa Baffa da bakina."

"In ka je, ba lalle ka dawo ba."

"Na sani."

Ba ta ɗago kai ba. Sai dai a hankali ta janye jakarta daga kujerar da ke gefenta.