Ubale Yana Neman Magini

Farkon labarin nan ya ɓace mini. Ban iya cewa ko a 1953 aka yi shi ko a 1955 ba, sunan unguwar ma ya bi haƙorana. Abin da ya rage mini shi ne tsohon, da jakinsa, da wata basilla da yake sokewa a hularsa.

Ubale manomi ne a Kiru, ba shi da kowa. Matarsa Maijidda ta rasu. Ɗansu guda ya tafi haƙar kuza, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. In ya yi magana a gidan, jakin ne ke kaɗa kunne.

Abin da ke cinsa kuwa rufi ne. Wanda aka yi wa Maijidda, samarin unguwa ne suka yi shi cikin gaggawa da ɗanyen itace, ko damina guda bai ɗauka ba. Marka ta zo, ya rufta da ita a ciki. Ubale shi kaɗai ya durƙusa cikin taɓo yana kwashe laka da hannu. Daga ranar ya yi rantsuwa, nasa rufin ba za a bar wa samari ba.

Aka ce masa akwai wani Hamman magini a Tudun Wada, sorayensa ba sa yoyo. Ubale ya daina yarda da "aka ce". Ya ɗaura wa jaki akumari, ya tafi ganin aikin mutumin da idonsa.

A Bebeji aka nuna masa ɗakin wata tsohuwa mai daddawa, Balaraba. Bayan gaisuwa ya zaro basilla, ya bi azara ɗaya bayan ɗaya yana sokawa. Babu gara. Ya leƙa indararo, ya shafa yaɓen makuba, ya sansana kusurwa ko zai ji warin danshi.

"Malam, sayen ɗakin za ka yi, ko amarya za ka kawo?" in ji Balaraba.

"Ni za a kai, Iya," in ji shi. "Da ya yi aikin, kina nan?"

"Ina zaune nan kan turmi, ina yi masa tsegumi har ya sauko."

Ubale ya yi godiya, amma ransa bai kwanta ba. Kowa yana gyara aiki in ido na kansa. Haka ya bi gidaje, ko'ina amsar ɗaya ce: maigida yana tsaye aka yi.

Sai can wajen Doguwa wani makiyayi ya nuna masa wani kango a bakin daji. Mai shi ya bar wa Hamman aikin ya tafi Makka a ƙasa, shekaru ke nan bai dawo ba. Katanga ta zube, sabara ta cinye tsakar gida. Soron kuwa yana tsaye. Ubale yana cikin soke-sokensa hadari ya taso. Ya jawo jakin ciki, ya zauna a ƙasa, ya ɗaga kai. Ruwa ya yi ta dukan soron har la'asar. Ko ɗigo bai sauka a kansa ba. Ya daɗe a zaune bayan an ɗauke, yana sauraren indararo yana tsiyaya a gidan da ba kowa.

Kashegari ya sami Hamman a Tudun Wada yana cuɗa ƙasa da ƙafa, wani siriri mai ƙarancin magana. Ubale ya ce sai ya zo Kiru ya ga kayan aiki. Ya zo. A bayan rumbu tsohon ya yaye wata tabarma: itacen ƙirya ne, busasshe ƙayau, an sassare shi daidai wa daida.

Hamman ya ɗauki guda ya juya.

"Baba, itace kam ya yi. Gara sai dai ta karya haƙori. Amma ai sun yi gajarta, ba za su haye ɗaki ba."

"Za su haye nawa."

Maginin ya dubi bukkar tsohon, sabuwar jinka ce, ba abin da ya same ta. Ya dubi itacen. Ya ajiye shi a hankali, da hannu biyu.

"Yaushe za a fara?"

"Liman zai aiko maka. Ranar ina nan, amma ba zan sa maka baki ba. Shi ya sa na je Doguwa."

Hamman ya dubi tsohon. Sa'an nan ya ce, "In ina da rai, Baba, ba hannun da zai taɓa shi sai nawa."

Ubale ya kwance jakin ya miƙa masa igiyar. Hamman ya ƙi, tsohon ya nace har ya karɓa. Ubale ya tsaya a ƙofar gida yana kallonsu har suka shige cikin dawa, sa'an nan ya koma ciki. Wannan karon ba wanda zai yi wa magana.

Abin da ya biyo baya ya dushe mini. Na ji an ce saƙon liman ya isa Tudun Wada ana tsakiyar ruwa, rafi ya cika, Hamman ya haye shi da cebur a ka. Wannan ban gani ba.

Amma abu guda na tabbatar da idona. Bayan damina da yawa hanya ta bi da ni ta Kiru, na shiga maƙabarta yin addu'a. Duk kaburburan layin sun lotsa, na Ubale kaɗai ne ko tsagewa bai yi ba.