Jan Tankin Kan Tudu

Agogon tsayi ya nuna ƙafa ɗari tara cif, Kyaftin ya karkata ɗan jirgin yana murmushi. Kyaftin ɗin ma shi ya raɗa wa kansa, don ko lasisi bai samu ba. Sati uku suka rage masa jarrabawa, kuma babansa ya rantse in ya sake faɗuwa, shagon taya zai koma.

Darasin ba wuya: ka zaɓi abu ɗaya a ƙasa, ka zagaye shi daidai, iska ba ta ture ka ba. Malaminsa ya faɗa har muryarsa ta dushe:

"Ƙafa ɗari shida zuwa dubu, daga ƙasar da ke ƙarƙashinka. Agogon nan daga bakin teku yake ƙirgawa. Ka duba taswira!"

Taswira kuma? Wannan ai aikin masu ƙaramin kai ne. Gwani ya zaɓi wani jan tankin ruwa a wani gida kan tudu, kullum da safe yana can shi kaɗai yana kewaya shi. Har mamakin kaifin idonsa yake, don yana iya ƙirga kajin gidan suna tarwatsewa.

Masoyiya ma ya yi. Wata tsohuwa takan fito daga wajen shanya, ta buɗe tafin hannu tana turawa sama, tana turawa sama. Allah sarki, baiwar Allah ba ta taɓa ganin jirgi kusa haka ba! Ga wani tsumma ruwan lemo da ta rataya a dogon ƙarfe, kamar ƙafar wando, iska na hura shi. Kyaftin yakan kaɗa mata fiffike, don shi ba ya wulaƙanta talaka.

Ranar jarrabawa ya sha guga da turare. Aka ce mai jarrabawar ta shekara talatin tana tuƙi kafin ta yi ritaya. Ya same ta a ofis, tabarau a hanci, kai a kan fayil ɗinsa.

"A wane tsayi kake zagaye?"

"Ɗari tara, ranki ya daɗe. Ban taɓa sauka ko taku ɗaya ba."

Ta rufe fayil ɗin, ta ajiye biro ba ta sa hannu ba.

"Tudun da kake zagayawa ƙafa ɗari bakwai ne, ɗana, ɗari biyu kacal ke tsakaninka da rufin gidana. Sati uku ina ce maka ka hau sama, kana kaɗa mini fiffike, kajina sun daina ƙwai."