Kusurwar da Ba a Girbewa

"Kai ne kake tsinke ganyen miyar nan, ugu," in ji shugabar matan majami'armu. "Makullin lambun majami'a a aljihunka yake kwana."

"Mama, kusurwar talakawa ce. Attaura ta ce a bar musu."

"A jama'armu wa yake kwana da yunwa? Kasuwa kake kaiwa, ɗana, har kumatu ka yi. Ka nuna mana mutumin kafin Asabar, ko ka ajiye makulli a gaban dattawa."

Wata biyar ina ban ruwa kyauta, ga ladana.

Ranar Alhamis na laɓe cikin rogo. Da hantsi wani ya ɗaga wayar shinge, ya shigo da rarrafe. Bai taɓa tumatir ba, kusurwar kaɗai ya nufa, yana addu'ar godiya a hankali. Na san muryar, ita ke jan mu addu'a duk Asabar. Mahaifina ne. Na tuna miyar ugun da na sha jiya a gidanmu.

Washegari shugabar matan ta tare ni a ƙofar lambu, dattawa na bayanta, mahaifina a tsakiyarsu.

"To, ɗana, wa ka gani?"