Ciyawar Inna Tabawa

Tun da aka kafa dokar mayar da kowane tsiro ƙasarsa ta asali, motar Hukumar Tsirrai kaɗai ke tsallaka jiha, kuma mai tsiro ne ke raka abinsa. Inna Tabawa kuwa 'yarta Kubura ta haihu a Gembu, can tsaunin Mambila, tana ɗokin ganin jikanta.

Sai ta kai ƙarar kanta.

Da hantsi Sallau, ma'aikacin hukumar, ya yi sallama gidanta a Funtuwa, riƙe da na'ura. Ta nuna masa wata ciyawa mai maƙale wa zane, wadda ta tsiro inda ta zazzage tsohuwar katifar da Kubura ta aiko.

"Inna, wannan ai ɗanƙadafi ne, ɗan gida. Babu inda za ki."

"Wa ya tambayi idonka, yaro? Haska mata abin nan!"

Ya haska. Can na'urar ta ce, "Dangin gahawa. Asali, tsaunin Mambila. A mayar da ita."

Inna ta rangaɗa guɗa har da taka rawa. Cikin rawar ne hasken ya sauka kan fuskarta, na'urar ta fara, "Asali..." Sallau ya yi wuf ya danne ta da tafin hannu.

"Na mutane ba a fara ba tukuna," in ji shi. "To, yaushe za ki shirya?"

"Ɗauko mini buhun daddawa can ƙofar ɗaki. Kuma gaba zan zauna, ciyawata ba ta son jijjiga."